Baba Mai Zare da Jitar da Ya Ƙi Hudawa

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Zare ya riga ya share nasa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya ɗora tabarau a karan hanci. Gyaran jita ne aikinsa tun kansa na baƙi, ga shi wannan watan zai ajiye, don idanu sun fara yi masa gardama. To, kafin ya sa kwaɗo, wallahi sai kun ji abin da ya yi!

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta shigo masa rungume da jitar mahaifinta, ja, ƙirar da, irin wadda masu tara tsofaffin kayan kiɗa ke rububi. Tsohon makaɗi ne, ya yi zamani da jitar, har ciwo ya kwantar da shi. Ya samu sauƙi, amma da ya jona jitar da lasifika ta ƙi cewa uffan, sai ya ce, "Ni da ita mun gama." Tun ranar ya daina fita, ya daina hira.

"Baba, duk inda na kai ta sai a ce waya ce ta tsinke a ciki, kuma ba ta da murfi a baya," in ji 'yar. "Wai sai an sa zarto an yi mata ƙofa. Ka yanka kawai, ni dai mahaifina ya miƙe."

"Zarto? Subhanallahi! Zauna, 'yata."

Nan ya warware mata tarihi. Jitocin farko fanko ne cikinsu. Da aka haɗa su da lantarki, ana ƙara murya sai lasifika ta kama ihu. Aka koma na katako zalla, ihu ya ragu, amma ga nauyi, ga wani zaƙin ya tafi. Sai maƙera suka raba gardama: suka shimfiɗa katako ɗaya a tsakiya, suka bar gefe biyu fanko, kowanne da siririyar tsaga a fuska.

"Bayan jitar nan shi ma waƙa yake," in ji Baba. "In na huda shi za ta yi magana, amma babanki ba zai gane muryarta ba."

Sai ya ɗauko zaren da ya ba shi suna. Ya ɗaura wa kowane maɓalli, ya tura su ciki, ya lallaɓo su da wayoyinsu ta tsagar nan da yatsa biyu ba sa shiga. Yana cikin ja, me zai fito? Tsohuwar safa!

"Ke, babanki da ƙafa ɗaya yake yawo?"

Ashe makaɗan zamanin da sukan cusa tsumma a tsagar don kashe sauran ihun. Baba ya liƙe wayar, ya ja zaren, kowane maɓalli ya koma raminsa, sannan ya mayar da safar inda ya same ta. Ya ce da safar a ciki tsohon ya saba jin sautin.

Washegari masu layin suka ga abin mamaki: ga tsohon da kansa, yana dogara sanda, jita a kafaɗa, yana ƙwala kira, "Ina wanda ya taɓa mini kaya?" Ya zauna a bencin shagon, aka jona, ya ja tsirkiya. Jama'a, sai ga tela ya bar keke, mai aski ya fito da almakashi a hannu! 'Yar tana tsaye tana kuka tana dariya, uban ya waiwayo ya ce, "Daina ɓata mini kiɗa, je ki kira mini mai ganga."

Baba, kai ne mai haƙurin da ya ƙi gajeriyar hanya, kai ne ka ta da mutum da zare. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanun nan haske. Ku kuma masu gyara, kowane irin gyara ne, kafin ku ɗauki zarto ku tambayi wanda ke jiran abin a gida.