Littafin Malam a Kan Sikelin Gyaɗa

Mahaifina ya rasu a Kiru 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, ina da goyon fari. Malami ne, kuma bai bar wani abin kirki ba sai gona da littattafai.

Littattafan zamanin ba ɗinkakku ba ne. Falle-falle suke, a cikin gafaka, jakar fata da ake ratayewa a turken bango. Babu lambar shafi. A ƙasan kowane falle, can gefe, marubuci kan ajiye kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Ko iska ta watsa su, da wannan kalmar za ka bi sawu har ka mayar da kowanne gurbinsa.

Cikin gafakokin akwai guda da ba kwafi ba ce. Waƙar wa'azi ce doguwa da Malam ya tsara da kansa, da ajami, yakan rera ta bayan la'asar ina tsince shinkafa a kusa. Ba wanda yake da ita a duniya sai shi.

Baffanmu ne ya raba gado. Manomi ne mai tsoron Allah, tsoron da har ya yi yawa. Ya ce shi bai san darajar wannan littafi a kan wancan ba, kuma ba zai tashi ranar kiyama da haƙƙin maraya a wuyansa ba. Sai ya aro sikelin gyaɗa, ya zazzage gafakokin, ya auna takarda da takarda: kashi biyu na yayana, ɗaya nawa.

Na ce, "Baffa, a bar wa Yaya waƙar dungurungum, na yafe."

Ya ce, "Ke 'yar nan, yau kin yafe, gobe 'ya'yanki su tsine mini? Karɓi haƙƙinki."

Farkon waƙar ya faɗo a rabona. Yaya ya ɗaure nasa ya tafi noma Doguwa, da alkawarin zai sa a kwafo mini. Damina biyu ana cewa gobe. A ta uku gara ta shiga ɗakinsa, ta bar masa madaurin fata kawai. Na yi fushi da shi har ya koma ga Allah, kuma ban ce na huce ba.

Fallena na ƙarshe ya ƙare da kalma ɗaya a ƙasa: "ranar". Tun daga lokacin, duk la'asar in gida ya yi shiru, nakan ji muryar Malam tana rerawa, da ɗan tarin nan nasa, har ta iso wannan kalma ta tsaya cak. Na ji sauran da kunnena a da, amma ya ƙi dawowa. Shekaru ina tsorata, daga baya na saba, har nakan jira.

Bara jikata ta zo hutu. Karatun ɗakin littattafai take yi, wai suna koya wa kwamfuta gane rubutun hannu da haɗa fallayen da suka rabu. Ta ɗauki hoton fallayen nawa, ta bincika duk inda aka adana irinsu. Babu.

Ta ce, "Tsohuwa, kada ki yi kuka. Na'urar ta koyi salonsa, tana iya ƙarasawa."

Na ce, "Ja'ira, ƙarfe ne zai yi wa'azi? Karanto in ji ƙarya."

Ta karanto. Baitocin sun zauna daram, amsa-amo bai karye ba, ko Malam ba zai ji kunyarsu ba. Na yi dariya, na ce ta kashe abinta.

Washegari da la'asar muryar ta zo kamar kullum, da tarinta. Ta iso "ranar", ina jiran ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Ta wuce, tana rera baitocin na'urar da muryar mahaifina, kuma har yau na kasa sa ta yi shiru a inda ta saba.