Tsohon da Ya Ƙi Tayawa

Kun taɓa ganin ɗan kasuwa na roƙon a rage mashi kuɗi? Wallahi ga shi a kasuwar Dutsin-Ma, Simeon mai agoguna, siriri, gumi har wuya. Sabon abin wasan batir ɗin nan mai ɗan mutum na tsalle cikin gilashi, naira goma ya saro shi, ya ce talatin don a yi ciniki. Wani tsohon Bafillace daga Birchi kawai ya kwance lalita ya biya talatin ɗin, wai jikarshi ba lafiya zai kai mawa.

"Baba, ka taya mana!"

"Yaro, ai ba za ka cuce ni ba."

Ya tafi. Simeon na tsaye, ya kasa sa kuɗin aljihu. Don Allah ku yaɗa, mai zuwa Birchi ya ce ma tsohon ya dawo.