Hannun Da Na Ɗaga Wa Baffa

Shekara shida ina hawan keke kafin in sayi babur, kuma a shekara shidan nan ban taɓa wuce ƙofar gidan Baffa a kan sirdi ba. Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai da mahaifina ya rasu, shi da matarsa da nake kira Inna, shi ne kuma ya toshe kunne da surutun 'yan unguwa lokacin da aka sa ni boko. Gidansa yana bakin lungunmu a Soron Ɗinki, nawa yana can ƙurya, don haka duk inda za ni sai na bi ta gabansa.

Ɗinkin manyan riguna ne sana'arsa, kuma allura ce ta cinye masa ido. A lokacin da nake ba da labari yanar ido ta riga ta rufe su duka biyun, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Amma bai yarda da zaman ɗaki ba. Kullum da safe, bayan ya sha koko, sai a shimfiɗa masa buzu a kan dakali, ya zauna da carbinsa, maɗinka kuma suna zaure a bayansa suna aiki.

Ni kuwa tun daga nesa nake sauka. In turo keken, in jingine shi, in tuɓe takalmi, in durƙusa.

"Baffa, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ka tashi lafiya? Ya iyalin?"

Sai ya miƙo hannu ya laluba wuyan rigata, ya bi zaren da ɗan yatsa, ya ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya yi maka wannan?" Ko da kuwa almajirinsa na zaure ne ya yi. A yi dariya, ya sa mini albarka, in tura keken har in sha kwana sannan in hau. Haka kowa yake yi wa manyansa a birni, ba wani abin a yaba mini ba ne.

Ni akawu ne a wani ofis a wajen ganuwa. Sai aka mayar da ofishin can gaba, inda Turawa suke, tafiya ta ninku. Hanyar ma ta sake. Da ka fita ƙofar gari sai ka faɗa cikin manyan motocin gyaɗa da jakuna da 'yan kura, kowa yana ganin hanyar ta gadonsa ce. Nakan isa ofis jiƙe da gumi, ƙafar wandona baƙi ƙirin da man sarƙa. Abokan aikina biyu sun riga sun sayi babur, su iso tsaf, suna kaɗa makulli a yatsa. Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta tari har na ga zan iya.

Ranar da zan zaɓa na tafi da wani dattijon bakanike ɗan Jakara, wanda ya fara da gyaran keke kafin ya koma babur. A kantin aka nuna mana iri biyu. Ɗaya ƙarami ne, mara nauyi, kamar keken da ya ƙoshi. Ɗayan baƙi ne, ƙato, tankinsa yana ƙyalli, ana ganin fuska a jiki. Ni tun daga bakin ƙofa na gama zaɓe.

Bakaniken ya ce, "Malam, ka taɓa hawa?"

Na ce, "Na iya keke."

Ya ce, "Keke ba ya harbi."

Ya sa na karkatar da babban kaɗan in ji nauyinsa. Saura ƙiris ya kai ni ƙasa, sai da muka haɗu muka tashe shi. Ya dube ni ya ce, "Ka ji? Wannan na masu dogon zango ne, a ɗora shi a titi a yi ta tafiya. Kai kuwa a birni kake. Tsayawarka ta fi tafiyarka yawa. Ga jaki, ga gawa an ɗauko, ga manya a ƙofar gida. Sabon mahayi wanda zai iya tsayawa da shi yake saya. Ɗauki ƙaramin, in ƙafarka ta zauna ka sake."

Na ji shi sarai. Amma a ofis ɗan akuya suke kiran ƙaramin, saboda kukansa, kuma na hango kaina ina shiga da ɗan akuya suna danne dariya. Na ce babban nake so. Bai ƙara ja ba, ya ce Allah ya sa alheri, ya hau ya kai mini shi gida ina goye a baya. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa nawa ranar, har da kunnuwa.

A filin gindin Goron Dutse ya koya mini, yamma biyar. Tafiya ba ta ba ni wuya ba, giya da birki duk na gane. Tayarwa ce ta gagare ni. Sai ka taka da dukkan nauyinka, a daidai wani wuri da ƙafa ce kaɗai ke gane shi, in ka kuskure ya harbo ka a ƙwauri. In ya yi zafi kuma aka kashe shi, to sai ya ga dama. Kuma ni da na tsaya sai ya mutu, domin hannuna bai saba riƙe masa wuta ba.

Na turo shi har gaban Baffa don ya sa albarka. Ya shafa tankin, ya shafa sirdin, ya kai hannu kusa da injin ya janye da sauri. Ya ce, "Wannan ai zazzaɓi yake yi." Ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa. Ya ce in bi a hankali, in tuna mai jaki ma gida za shi.

Makon farko na yi yadda na saba. In kashe shi daga nesa, in turo wannan uban nauyi, in durƙusa, a gaisa. Sannan a shiga kokawa. In taka, ya yi tari ya yi shiru. In taka, ya harbe ni. Maɗinka su ajiye allura su fito bakin zaure. Wannan ya ce a tura, wancan ya ce a ba shi dusa ko yunwa yake ji. Ni kuwa ga hula ta karkace, ga gumi, ga zuciya tana tafasa, domin ni mutum ne da ba ya son a yi masa dariya. Baffa ba ya dariya. Sai dai ya karkata kai yana saurare, in babur ɗin ya tashi ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sau huɗu na makara a makon nan. Babban akawu ya kira ni a gaban kowa ya ce da ina kan keke ban taɓa makara ba, ko babur ɗin baya yake tafiya? Ofis ya ɗauki dariya.

Ranar Litinin babur ɗin ya tashi a bugu ɗaya a ƙofar gidana. Na hau, na biyo lungu, yana tafiya lafiya lau. Na hango Baffa a kan buzunsa, ya juyo da fuska wajen ƙarar, har ya fara gyara zama. Na rage wuta. Hannuna yana kan birki. Sai na ga maɗinka sun fara leƙowa daga zaure, sai na tuna babban akawu. Ban tsaya ba. Na ɗaga masa hannu, kamar yadda na ga abokan aikina suna yi wa juna a titi, na wuce.

Sai da na fita ƙofar gari abin ya faɗo mini. Makaho na ɗaga wa hannu. Ko da yana gani, ɗaga hannu daga kan sirdi rashin kunya ne ga wanda ya goya ka. To bai ma gani ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙarar ta zo, ta rage kamar za ta tsaya, ta wuce. Yinin ranar ban iya rubuta layi ɗaya daidai ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, yaro ma ya sani: in je da yamma in faɗi gabansa in ce na yi kuskure. Kunya ta hana ni. Na ce sai gobe. Da goben ta zo na kasa bi ta gabansa, tsayawar tana ba ni tsoro, wucewar ta fi. Akwai wani ɗan tsukin lungu a bayan gidajenmu da ke ɓullewa wata hanya. Nan na bi. Ya fi nisa, ga kwata, ga kwana-kwana, amma babu dakali. Jibi ma haka. Kafin in farga ya zama hanyata.

Ban yanke zuwa gidan ba. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je a ƙafa in gaishe shi. Yakan amsa cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Bai taɓa ambaton babur ba, ni ma ban taɓa ba. Mu mutanen birni mun iya wannan, a zauna a kan magana a yi ta hira a gefenta. Nakan fito ina ce wa kaina ai ya huce, tsofaffi ba sa riƙo. A cikin zuciyata kuwa na san ƙarya nake yi. Na sa wa kaina wa'adi: in ƙafata ta ƙware, in na iya tsayawa ba tare da ya mutu ba, zan koma bi ta gabansa kamar ba a yi komai ba. Ƙafar ta ƙware cikin wata biyu. Ban koma ba, domin a lokacin kunyar ta riga ta yi kauri.

Wata biyar ana haka. Ƙarshen damina zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya yi a kwance. Na je, na zauna a gefensa, amma ɗakin cike yake da mutane, kuma ba ya gane mai magana sosai. Rana ta huɗu da hantsi aka aiko ofis. Da ni aka ɗauki makara, ni na shiga kabari na karɓe shi. Na yi kuka, mutane suna cewa ɗa na gari, Allah ya ba ka haƙuri. Kowace kalma kamar mari.

Bayan sadakar bakwai Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta rame. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Sannan ta ce, "Ka san yana jin ka?"

Na ce, "Inna, ji kamar yaya?"

"Kullum da safe. In ka tayar a ƙofar gidanka yana ji. Sai ya janye ƙafafunsa, ya ce a kore awaki daga hanya. Sai ya ji ka bi ta baya. Ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace, sannan ya ce a naɗe buzu."

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka ta gama, ashe da saura.

Ta ce, "Akwai saƙon da ya ba ni, tun kafin azumi. Ya ce in ka zo in faɗa maka a ɗaki, kada maɗinka su ji. Ya ce ya gane abin ba ya son tsayawa. Ya ce in gaya maka ba sai ka sauka ba, ka dai biyo ta nan."

Na ɗago na dube ta.

"Ban faɗa maka ba," in ji ta. "Haushinka nake ji. Na ce babba ba ya roƙon gaisuwa a wurin ɗansa, in kana da hankali ka zo da kanka. Duk Juma'a in ka tafi sai ya tambaye ni ko na faɗa. In ce na faɗa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, amma abin da nake ta juyawa a raina shi ne, ashe duk watannin nan Baffa yana zaune da sanin an gaya mini, kuma ban biyo ba.