Ranar da layinmu gaba ɗaya ya koma tasha ta sha ɗaya

Shekarun baya, lokacin da ciwon Kawuna ya yi tsanani a Maiduguri, gidanmu na Fagge ya zama kamar tashar mota. Shi ne yayan mahaifiyata, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ita ko ba a daɗe da yi mata aiki a gwiwa ba, likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai kiran bidiyo kawai ya rage mata.

To ɗakin Hajiya, wato mahaifiyar tawa, ba ya samun sabis ko kaɗan. Na sayo rauta, na'urar nan ta intanet, a Sabon Gari, na ɗora ta a tagar bene don ta watso mana waifai. Wallahi abin haushi, ga alamar waifai nan ta cika a waya, amma da an kira sai fuskar Kawu ta daskare, baki a buɗe, murya tana yankewa. Hajiya ta yi ta "Yaya, kana ji na?" har wayar ta katse. Ni kuwa na hau bene, na sauko, na kashe, na kunna, har sanda sai da na ɗaura wa rautar don in ɗaga ta. Abinci ma a tsaye nake ci.

Da na ƙosa na tari a-daidaita-sahu na koma wajen abokina da ya sayar mini, na dire masa ita a kan kanta, na ce ya ba ni wata. Dariya ya yi. Ya ce rautar lafiyarta ƙalau, cunkoso ne: a Fagge kowane gida da kowane shagon atamfa yana da tasa, kuma kusan duk a tasha ɗaya suke magana, kamar rediyoyi biyu da suka hau kan juna. Ya nuna mini yadda zan shiga saiti ta waya in mayar da ita tasha ta sha ɗaya.

Na canza kuwa, na gwada kira, sai ga hoto tar. Amma ranar an ce Kawu ya sha magani ya yi barci, kwanakin da suka biyo kuma yana asibiti. Aka tsayar da Juma'a, in an sallamo shi.

Ana haka aka yi suna a layinmu. Hajiya ta lallaba da sandarta ta je. Ashe a can, da mata suka fara kukan waifai, ta buɗe baki ta raba musu maganin kyauta, ta ce kowa ta faɗa wa 'ya'yanta su koma sha ɗaya, ɗanta ya gwada. Kafin Alhamis layin nan kaf ya taso ya tare a tasharmu. Hoto ya koma gidan jiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata zan gudu wata tasha, amma don Allah wannan karon ta yi shiru. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"In samu sauƙi in ɓoye wa maƙwabta? Matar gidan can ma ɗiyarta tana Saudiyya da tsohon ciki. Ba haka na rene ka ba."

Na kira abokina ina huci. Ya ce tashoshi uku ne ba sa taka juna, ɗaya da shida da sha ɗaya, in raba mutane. Haka na wuni safiyar Juma'a ina sallama gida-gida, gumi sharkaf, ina rabon tasha kamar naman layya. Wani Alhaji ya ƙi sam, ya ce ta Hajiya yake so, tunda ita aka gwada. Na bar masa sha ɗayan, mu muka koma tasha ta ɗaya. Da ƙyar na samu sallar Juma'a, ina sahu hankalina yana kan bene.

Bayan la'asar aka kira. Fuskar Kawu ta fito fes, ya rame, amma idonsa na nan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ke, ashe kin tsufa haka?"

Hajiya ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Suka koma Barbarci, harshensu na gida, suka yi ta hira, ko sau ɗaya kiran bai yanke ba. Ni ina bakin ƙofa, a karon farko cikin kwanakin nan na zauna.

Ba su sake ganin juna ba. Allah ya yi masa rasuwa kafin watan ya ƙare.

Har yau in na tuna yadda na so in rufe mata baki, nakan ji nauyi, ko da yake wahalar da na sha ba kaɗan ba ce. Mun canza rauta tun tuni, ta yanzu ma da kanta take zaɓar tasha. Amma duk sabuwar da na sayo, sai na shiga saiti na mayar da ita tasha ta ɗaya. Hajiya tana kiranta tashar Yaya.