Babur ɗin da Aka Shayar da Man Gyaɗa

Muna idar da sallar asuba muka fito daga ƙauyenmu Darini, ni da autana, shi da jakar sifanoninsa, ni da ƙullin goro da kuɗin karsanata a lalita ɗaure a ƙugu. Ku da kuke ta aiko tambaya, wai me ya kai tsohuwa kamata har ƙauyen Babban Duhu a tsakiyar bazara, to ku gyara zama, don sau ɗaya zan faɗa.

Autan nan nawa magidanci ne, mata ɗaya, 'ya'ya biyu, gyaran keke yake yi a kasuwar Batsari. Tun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, duk mai ɗan hali ya jingine keke ya sayi babur, masu baburan kuma Katsina suke kai gyara. Rumfarsa ta koma wurin hira. Abokansa uku suka gama shirin tafiya Ikko aikin gini, suka ce ya bi su. Ana cikin haka ya ji labarin wani mataccen babur a rugar wani dattijo can bayan Safana, irin na malaman gona, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu kaushi kamar bayan kada, wanda rairayi ba ya kada shi. Ya ce da zai samu wannan ya warware shi, ya koyi cikinsa, ya tashe shi, da ya zauna gida ya riƙa bin ƙauyuka yana gyara. Sai na sayar da karsanata, muka yi magana ɗaya ni da shi. In babur zai gyaru, a saya, ya zauna. In ba zai gyaru ba, kuɗin su zama guzurinsa, in sa masa albarka ya tafi Ikko. Na ce amma ƙafata ƙafarka, ba na sayen abin da idona bai gani ba.

A Batsari muka sami motar kasuwa mai bodin katako. Direba ya ce in shiga gaba saboda girma, na ce Allah ya yi masa albarka, warin mai ba ya shiri da cikina. Na hau baya na zauna kan buhunan rogo, tsakanin wata mai tukwane da wani Buzu da ya ƙi sakin rediyonsa ko da zai gyara rawani. Kuɗin mota kuwa, ɗan kamasho yana ta kwabo kaza kwabo kaza, na ce ya faɗa mini da sule in gane, ni ban yaye kaina daga tsohon kuɗi ba. Da ya faɗa na ce la'ilaha, da can wannan ai kuɗin ɗan akuya ne.

Hanya dai gargada ce zalla. Haƙorana shida da suka rage sai da suka gaisa da juna. Amma ido ya sha kallo. Ga duwatsun nan namu a tsugune kamar giwaye, ga gonaki an share an tara kara ana toyi, ga tsibin taki jere ana jiran ruwan fari. Kowane ƙauye muka ratsa sai ka ga rufin kwano biyu ko uku suna ƙyalli a tsakanin jinka. Inda muka tarar da rafi, busasshe ne, mota ta nutse a rairayi, maza suka sauka turi. Autana yana turi yana ɗago kai yana ce mini, "Inna, wancan babur ɗin da a guje zai wuce nan." Na ce a fara ganinsa tukuna.

A Safana muka ci tuwon dawa miyar kuka a rumfar wata baiwar Allah mai hannu a miya, ta ƙara mini man shanu ba ta karɓi ko kwabo a kansa ba. Ƙuli-ƙulin kasuwarsu ne ban yaba ba. Shekara arba'in ina matsar gyaɗa, na san wadda ta yi gaggawar sauke tuya. Daga nan babu mota. Muka taka, rana tana dukan tsakar ka, har Allah ya haɗa mu da wani mutumin Tsaskiya mai amalanken shanu, ya ɗauke mu. Ya ji abin da ya kawo mu ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce duk yankin an san babur ɗin nan, kaji ma sun gaji da kwana a kansa.

La'asar sakaliya muka isa rugar, gefen Babban Duhu. Dattijon Bafulatani ne dogo, gemu fari fat. Muka gaisa, gajiya, gida, shanu, zafi, har ya tambayi asalina. Na ce ɗiyar maƙera ce ni. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Nan take ya juya wajen matarsa ya ce, "A kawo wa baiwata nono, ta zo gaishe da ubangijinta." Na ce, "Baiwar wa? Ba don mu ba da me za ka aske wannan gemun?" Aka kawo kindirmo mai sanyi a ƙwarya da fura, na sha har na ji idona ya buɗe.

Sannan aka kai mu bukkar da babur yake. Ya ce a gwanjo ya saya wa ɗansa, ɗan ya hau shekara guda, daga baya ya bi shanu kudu ya bar shi, damina biyu ke nan. Aka yaye ƙirgin da aka rufe shi da shi. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai ban tausayi haka ba. Tayoyi sun kwanta, sirdi ɓeraye sun cinye, fitila babu, ko'ina ƙura ta manne masa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Autana ya tsuguna ya duba nan ya duba can, sannan ya ɗora ƙafa kan ƙarfen nan da ake takawa a tashi inji. Ko motsi. Ya hau da nauyinsa duka. Kamar ya taka dutse. Ya sauko ya share hannu a riga, bai dube ni ba ya ce, "Inna, injin ya kama. Wannan ya mutu."

Ni dai na nemi turmi na zauna. Abin da nake gani kawai shi ne bayan motar Ikko.

Dattijon ya ce tun da mun sha hanya, in muna so mu ɗauka a kuɗin tsohon ƙarfe, ya faɗi abin da bai kai rabin karsanata ba. Autana ya ce ko kyauta ba shi da amfani. Ya kwance wani ɗan abu da suke kira fulogi don ya nuna mini ramin, wai in leƙa in ga tsatsa. Ban ga komai ba, idona ba na leƙen rami ba ne yanzu. Hancina ne ya ji. Na karɓi fulogin na shinshina, na murza abin da ya manne masa a yatsa, yana ja kamar ƙaro.

Na ce, "Kai Bafillace, me ka ba abin nan ya sha?"

Ya ce, "Mai mana. Man gyaɗa mai kyau, kwalba uku. Na zuba a ramin nan, na zuba a tanki, na shafe jikinsa duka. Haka nake yi wa takobina da sandata, tsatsa ba ta taɓa su ba."

Autana ya dafe kai. Ni kuwa dariya ta kama ni har da hawaye. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Inna, in kin gane wani abu ki yi shiru sai an gama ciniki." Na ce ban sha nonon mutum in rufe shi ba. Na ɗaga murya na ce wa dattijon babur ɗinsa bai mutu ba, danƙo ne ya riƙe shi. Man gyaɗa in ya tsufa a jikin ƙarfe haka yake daskarewa, kaskon tuyata shaida ne, ludayi ma sai ya manne a ciki ka rantse ƙera su aka yi tare. Kuma zafi ke sakinsa, ba ƙarfi ba.

Dattijon ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Na riga na faɗi kuɗi, bakina ɗaya ne. Amma in ya tashi, ɗanki ya zo ya kai ni kasuwar Safana a kansa sau ɗaya. Ni na saye shi, ban taɓa hawa ba." Na ce an ji, in bai ji tsoro ya rungume ɗana yana kiran shanunsa ba.

Muka kwana a rugar. Da hantsi aka jawo babur tsakar rana. Na ce a dafa ruwan toka a ɗura masa, autana ya ce ruwa da inji ba sa haɗuwa, sai dai kananzir. Na bar masa wannan, shi ya san nasa. Matar gidan ta juye mana na fitilarta. Ya zuba a ramin fulogi, ni kuma na soya rairayi a kasko, na ƙulla a tsumma, na yi ta gasa wa injin kamar mai gasa wa mai jego. Duk bayan ɗan lokaci sai ya miƙe zai taka, in ce zauna. Sau huɗu ina zaunar da shi. Sai da rana ta take tsaka, ƙarfen ya yi zafin da ba a taɓawa, na ce to, da hannu, a hankali. Ya danna. Shiru. Ya ƙara. Sai muka ji ɗan ƙas, ƙarfen ya sauka kamar faɗin yatsa. Ya ƙara kananzir ya yi ta lallaɓa shi sama da ƙasa, har ya sauka duka, wani baƙin ruwa mai kauri ya yi tsartuwa daga ramin ya wanke masa fuska. Ya toshe ramin da babban yatsa ya sa aka taka, iska ta ture yatsan. Ya dube ni da fuskar nan baƙa wuluk ya ce, "Inna, yana numfashi."

Na kwance lalita na biya dattijon. Mai amalanken nan shi ya dawo da mu Safana washegari, bai ƙara dariya ba, sai tambaya yake ko autana zai duba masa injin niƙan ƙanensa. A motar Batsari kuɗin ɗaukar babur ya fi nawa ni da ɗana a haɗe, ban yi musu ba. Muka shigo Darini da la'asar, muna tura abu ba sirdi ba fitila, mutane suna leƙe ta kan danga. Surukata ta fito ta dubi babur, ta dubi mijinta, ta gane, ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

To masu tambaya ko sayen mataccen babur riba ne, ga abin da na gano. In hawa kake so gobe, kada ka fara, tara kuɗinka ka sayi mai rai. Namu yau kwana goma sha biyu bai tashi ba tukuna, ga taya, ga sarƙa, ga wani abu wai kafireto da sai an je Katsina, kuma ragowar karsanata duk can za ta. In za ka saya, kada ka tambayi babur, tambayi mai shi abin da ya yi masa, kuma ka tafi da wanda ya girme ka. Amma in hannunka na gyara ne, kana neman abin da zai koya maka, to ko makaranta ba ta kai shi ba. Na gode wa Allah, na gode wa Bafillacen nan mai baki ɗaya, na gode wa mai amalanke da mai tuwon Safana.

Abokansa sun tafi ranar kasuwar da ta wuce, ya raka su tasha ya dawo. Yanzu kwanonina uku suna zaure cike da kusoshi, tabarmata ta sallah kaɗai na tsirar. Ga shi can tun safe yana ƙwanƙwasar ƙarfe, ya hana ni barcin rana, ni kuwa ban aika a ce ya bari ba.