Butar Shayin da Na Ƙi Saki

Shekara ashirin da 'yan kai ni ne mai dafa shayi a majalisarmu. Ba zaɓena aka yi ba, hannuna ne ya fi na kowa, kowa kuma ya sani. Muna zama ne a ƙofar shagon wani abokina tela, can bayan Kusugu, daga an sallame la'asar har a kira magariba. Mu bakwai ne in an cika. Kurfotin nawa ne, 'yar butar shuɗiya tawa ce, ƙananan kofunan gilashin ma a aljihu nake zuwa da su, naɗe cikin tsumma.

Shayin Buzaye ne, ba na madara da burodi ba. Na koye shi tun ina malamin gona, lokacin da aiki ke kai ni Mai'adua ranar kasuwa, a wurin wani dattijo mai kawo shanu daga ƙetaren iyaka. Abu biyu ya kafa mini. Na farko, shayi ba ya fita ba kumfa: sai ka ɗaga hannu ka yi ta juya shi daga wannan kofi zuwa wancan, har kumfa ta hau ta zauna. Na biyu, mai dafawa ba ya miƙa wa kowa kofi sai ya ɗanɗana. Zagaye uku ake yi, kowane zagaye nakan kurɓa sau biyu ko uku kafin in yarda da shi, sannan in sha nawa. Sukari kuwa da hannu nake zuba shi, ban taɓa aunawa ba.

Bayan na yi ritaya ne ƙishirwa ta fara damuna. In sha ruwa kamar raƙumi, in yini ina zagayawa, wandona ya fara yi mini yawa. Maiɗakina ce ta ga tururuwa na taruwa a inda nake kama ruwa, ta tasa ni gaba sai asibiti. Likitan, wanda a haife na haife shi, ya duba takarda ya ce ciwon suga ne, ya rubuta magani, ya jero abin da zan bari. Tuwo a rage, fura a rage, lemon kwalba a manta da shi. Da na ambaci shayi sai ya tambayi yadda nake dafa shi. Na kwatanta masa da alfahari, har da hannu. Ya ajiye biro ya ce wannan ba shayi ba ne, ruwan alewa ne.

Kuskurena shi ne na faɗa wa majalisa. Washegari da na iso, na tarar da tela zaune a gaban wani sabon kurfoti yana fifita. Sun yi shawara a bayan idona, wai don su sauƙaƙa mini: tunda mai dafawa dole ya ɗanɗana, ni kuma an hana ni, to in huta. Har kujera suka ba ni mai jingina. Da shayi ya nuna, tela ya ɗibi nawa tun kafin ya sa sukari, ya zuba a wani koren kofin roba da ya aro a cikin gida, ya miƙo mini da hannu biyu yana cewa Allah ya ƙara sauƙi. Mutum shida da gilashi, ni da roba. Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba a wurin nan. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi, don zagi ana ramawa, tausayi kuwa sai ka ce na gode.

Shayin tela kuma, Allah ya ba shi haƙuri, ko kumfa ba ta tsaya masa. Mutum ne da ya iya wuyan riga, amma hannunsa na rawa in ya ɗaga buta.

Kwana uku na jure. Rana ta huɗu na zo da kayana, na ture nasa gefe, na ce ciwon a jinina yake, bai taɓa hannuna ba. Na ce zan nemo abin da zai maye gurbin sukari, wanda zan ɗanɗana in kuma sha tare da su a gilashi ɗaya, kuma ba wanda zai gane bambanci. Nan take kowa ya zama likita.

Dillalin shanun da ke cikinmu ya ce ai abu mai sauƙi ne, mazarƙwaila. Ya rantse ba sukari ba ce, ruwan rake ne aka dafa aka daskarar, ba injin da ya taɓa ta. Limamin masallacinmu ya ce zuma, ita da ma magani ce. Wani ya ce a jiƙa dabino a tace. Mu duka mun yarda cewa farin nan na kanti shi ne mugun, sunansa ma aka sa wa ciwon, abin da ya fito daga gona kuwa ba ruwansa. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa manoma noman rake a fadama, ban tsaya na tambayi kaina daga ina farin yake fitowa ba. Ban so in tambaya ba ne, gaskiya.

Mako biyu muka yi muna shagali. Mazarƙwaila na ba shayi wani ƙamshi na ƙauri, kumfa kuma na hawa har ta fi ta da. Zumar da aka kawo mini daga wajen Baure na ɗan danne ɗanɗanon ganyen, amma ba laifi. Ina ɗanɗanawa, ina ƙarawa, ina yi wa tela dariya. Sai wata Asabar da hantsi ina karatun jarida haruffa suka narke a idona, na miƙe jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas a tsakar gida. Aka kai ni asibiti, likita ya gwada jinin, ya dube ni, ya sake gwadawa. Da na lissafa masa abin da nake sha a madadin sukari, ya ce Baba, ai sukarin ne dai, riga kawai ya canza. Kunya ta kama ni fiye da tsoro.

A ranar maiɗakina ta ɗauke butar ta kulle a kabad ɗinta. Ba mace ce mai yawan magana ba. Ta sa ɗiyarmu da ke aure a Kano ta aiko da 'yar na'urar gwajin jini, da ta iso sai ta fito da butar, ta ajiye na'urar kusa da ita, ta ce:

"Malam, ba ni hana ka shayinka. Amma kullum da safe wannan abu zai yi magana. Ranar da ya ce a'a, da kaina zan aika ma tela da butar nan, har da kofunan."

Na ce na ji. A raina kuwa na ce tela zai daɗe yana jira.

Na daina zuwa majalisa na kusan wata biyu, don ba zan koma wa kofin roba ba. Zauren gidana ya zama ɗakin gwaji. Kullum bayan la'asar in hura gawayi, in dafa, in kai wa maiɗakina kofi biyu, ɗaya da sukari ɗaya da abin da nake gwadawa, ba tare da na faɗa mata wanne ne wanne ba. Harshenta ba ya ƙarya, ba ta kuma san lallashi ba.

Na fara da sakarin, irin wanda masu zoɓo ke sakawa don su rage tsada. Zaƙinsa na zuwa da gudu, ya wuce, ya bar maka ɗaci a maƙogwaro kamar ka tsotsi tsohon kwabo. Ta tofar. Na sayo 'yan ƙananan ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis don masu irin ciwona. Waɗannan sun fi, amma zaƙin siriri ne, ba shi da jiki, shayin ya zama kamar ruwa. Ɗiyarmu ta aiko da garin wani ganye da aka ce ya fi sukari zaƙi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, ya fi, sai dai yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, in ya iso kuma ya ƙi tafiya, har tuwon dare kana jin sa. Daga baya ta aiko da wani farin gari mai kama da sukari sak, har ƙyalli yake, amma in ya hau harshe sai ka ji sanyi-sanyi. Wannan ya ba ni dabara: na'ana'a ma ai sanyi take sawa. Na ƙara na'ana'a a buta, sanyin ya ɓuya a bayanta. Na haɗa cokali biyu na garin da ƙwaya ɗaya ta kemis, garin ya ba da jiki, ƙwayar ta cike zaƙin. Ranar maiɗakina ta kurɓa sau uku kafin ta nuna na gaskiyar. Na ji daɗi har na kasa zama.

Saura kumfa. Na juya, na juya, hannuna ya yi tsami, kumfar ta taso ta mutu kafin in ajiye kofin. Ashe duk shekarun nan sukari ne ke riƙe ta, ni ina ta yabon hannuna. Duk da haka zumuɗi ya kwashe ni na kai shi majalisa. Tela ya karɓi kofinsa, ya ɗaga shi sama ya leƙa, bai ma kai baki ba ya ce a hankali, ai ba komai, shayin marasa lafiya haka yake. Suka shanye duka suna madalla, madalla, kamar yadda ake yaba girkin amarya. Na naɗe kofunana tun kafin zagaye na uku.

Abin ya zo mini ne ina wanke kofi. Na tuna dattijon nan na Mai'adua ba a buta yake yin kumfa ba. Ɗan shayi kaɗan yake ɗiba, da shi yake bin kofuna ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa kowanne kumfarsa, sannan ya tsiyayo na buta a kai. Ke nan kumfa daban, shayi daban. Na ɗibi rabin kofi, na jefa masa ƙwayar sukari ɗaya tak, ta gaskiya, na yi ta juyawa har kofi bakwai suka yi rawani. Na zubar da ragowar, na tsiyayo haɗina daga buta. Abin da leɓe ke fara taɓawa kumfa ce, ita kuma sukarinta na gaskiya ne. Kafin harshe ya gama murna, sauran ya wuce.

Maiɗakina ta sha na dama, ta sha na hagu, ta sake, ta ce in daina yi mata wasa, duka biyun sukari ne. Na je na faɗa wa likita komai, har da ƙwaya ɗayar, don na gaji da jin kunya a gabansa. Ya ce ƙwaya ɗaya a kan kofi bakwai, in dai na'ura ba ta yi ƙorafi ba, shi ma ba zai yi ba. Na'ura ta yi kwana goma ba ta ce uffan ba.

Na koma majalisa ban yi wa kowa bayani ba. Na hura wuta, na dafa, na ɗanɗana a gabansu sau biyu, na raba, na ɗauki nawa gilashin na shanye. Na ga suna satar kallon juna. Dillali ya ce kai, yau an dawo gida. Tela ya sha zagaye ukun, yana sha yana kallona da fuskar mai zuwa gaisuwar rasuwa. Haka muka yi kwana biyar.

Rana ta shida na dawo daga sallar magariba na tarar da maiɗakina tana dariya ita kaɗai, abin da ba ta cika yi ba. Ashe matar tela ce ta zo da rana, da saƙon mijinta. Wai a taimaka a yi wa Malam magana, ya koma wa sukari gadan-gadan, a gaban mutane yake sha, zai kashe kansa. Wai shi tela ya san sukari in ya sha, wannan kuwa har ya fi na da yawa. Na tambaye ta me ta ce mata. Ta ce ta yi godiya, ta ba ta goro, ta ce za a duba.

Ban taɓa samun yabo irin wannan ba, ko lokacin da nake aiki. Na kuma san tela ba don mugunta ya yi ba. Tsoro ya ji, ni ma na ji shi ranar da na faɗi a tsakar gida. Amma ban fasa abin da na yi niyya ba.

Washegari na baje kayana a kan tabarma, kowa na gani: gwangwanin farin garin, kwalbar ƙwayoyin kemis, damin na'ana'a, da ƙwayar sukari ɗaya a kan murfin buta. Na dafa a hankali ba tare da na ɓoye komai ba. Da na miƙa wa tela kofinsa na ce:

"Ga shayin marasa lafiya. Kwana biyar kana shan sa, har ka kai ƙarata gida."

Majalisa ta kwashe da dariya, liman har da tari. Tela ya ɗaga kofin ya leƙa kumfar, ya kurɓa, ya daɗe da shi a baki yana neman inda zai kama ni. Ya haɗiye, ya ce shi fa har yanzu yana jin wani ɗan abu can ƙasa. Na ce ya ji da kyau, ya miƙo kofin in ba ya so. Bai miƙo ba.

Ciwon na nan, ban warke ba, ba kuma zan warke ba. Kullum da safe ina huda yatsa, tuwona ya koma rabi, rabona da fura mai sukari har na manta. Wata rana na'urar za ta iya cewa a'a, na kuma san maiɗakina ba ta saɓa magana. Amma yau da la'asar ni zan ɗanɗana kafin kowa ya sha. Koren kofin robar ma na hana tela ya mayar da shi cikin gida. Da shi nake ɗibar ruwa in kashe gawayi in an kira magariba.