Ƙusar Ɗan Aro

A garinmu na tsakiyar Saskatchewan, a zauren filin ƙanƙara kusa da tagar mai kofi, hotuna uku ne a bango, na 'ya'yan garin da suka buga hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, a babbar gasa. Kusa da na ukun a da akwai wata ƙusa da ta yi shekara ashirin ba komai a kanta. Tsoho Taras Demchuk ne ya kafa ta da hannunsa ranar da ɗansa Orest ya bar gida yana ɗan shekara goma sha takwas, don a rataya hoton yaron wata rana, ya kuma rantse duk wanda ya rataya ko da hula a kanta ya kuka da kansa.

Orest bai zaɓi zama gola ba. Shi ne auta, ga nauyin ƙafa, sai yayyensa suka ɗaure masa tsofaffin mujallu a ƙwauri, suka tsayar da shi a kan tafkin da ya daskare, suka yi ta ɗirka masa faifai, wato ƙwallon hoki. Da suka ga bai yi kuka ba, sai suka ce an samu gola. Ya kuwa iya, wannan ba mai musu. Iyawar ce dai irin wadda ake yabawa a gaban mutum, a manta da ita kafin a kai bakin mota.

Ƙungiya goma sha bakwai ya yi wa wasa a ƙananan gasa. Yau a ba da shi aro can kudu inda ake zuba ƙanƙara bayan an kwashe shanun kasuwar baje koli, gobe a sallame shi ta waya yana cikin bas. Shi ya sa kowa ke kiransa Ɗan Aro. Kowane gola yakan sa a zana masa hular kwanonsa da launin ƙungiyarsa, amma ta Orest fara ce fat har ya tsufa, don sau ɗaya da ya yi zanen, kafin fenti ya bushe an sayar da shi. Matarsa Marlys ta daina kwance kwalayen kaya tun a gari na shida. In aka tambaye ta ina suke zaune, sai ta ce a tambayi mai ƙungiya.

Abu ɗaya yake nema a duniya, kuma kowa ya san shi. A babbar gasa ba a sa sunan mutum a littafin 'yan wasa sai ya taka ƙanƙara agogo na tafiya, ko da daƙiƙa ɗaya ce. Sau uku ana kiransa can don wani ya ji ciwo, sau uku yana zama a ƙarshen benci da tawul a wuya, yana buɗe wa 'yan wasa ƙofa suna shiga suna fita. Wannan aikin ma an yabe shi a kai. Wani koci ya taɓa dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce bai taɓa ganin mai buɗe ƙofa irinsa ba, aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, to ya zai yi?

Kira na huɗu ya zo yana da shekara talatin da takwas, gwiwoyi sun gama yawo, yana shan ƙwayar ciwo kamar gyaɗa. Wasan ƙarshe ne na kakar, ranar Lahadi da rana, kuma in ƙungiyar ta sha kashi an fitar da ita. Marlys ta tuƙa mota awa tara don ta zauna a bayan bencinsu. A gida kuwa aka jawo babbar talabijin zuwa zauren filin ƙanƙara, aka turo tsoho Taras a kekensa na guragu aka ajiye shi daidai ƙarƙashin ƙusarsa.

A ɗakin canza kaya Orest ya tarar da Dubuc, mai tsaron baya, wanda suka yi shekara huɗu suna raba kujera ɗaya a bas tun suna samari. Dubuc ya rungume shi ya ce, “Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba? Yau dai in ta kama, ni da kaina zan karya ƙafar Halvorsen ka shiga.” Halvorsen shi ne babban golan, yaro ɗan shekara ashirin da uku, ya ji ya yi murmushi bai ko ɗago kai ba.

Saura daƙiƙa hamsin a tashi, ana cin su biyu da ɗaya, sai wani ƙato na abokan hamayya ya afka wa Halvorsen ya haɗa shi da ƙarfen raga. Aka ɗauke yaron ranga-ranga, alƙalin wasa ya kori ƙaton, ya nuna za a jefa faifai can gaban ragar abokan hamayya. Orest bai jira an kira shi ba. Ya jefar da tawul, ya kifa farar hularsa, ya buɗe ƙofar nan da ya buɗe wa mutum ɗari, karon farko don kansa. Har ya ji muryar Marlys tana kiran sunansa.

Sai ya ji an riƙe rigarsa ta baya. Koci Gaudet ne, bai ma dube shi ba, idonsa na kan allon da yake zane a kai.

“Zauna, Demchuk. Raga za ta tsaya haka nan ba gola.”

Ba mugunta ba ce, ko a ce ba ita kaɗai ba. Haka ake yi ko'ina in ana cin ka da ɗaya lokaci ya ƙure, sai a fitar da gola a ƙara ɗan gaba a madadinsa. Orest ya san wannan tun kafin ya iya karatu. Amma wallahi akwai ciwo mutum ya shekara ashirin yana tare faifai da ƙirjinsa, a dube shi a dubi iska, a ce iska ta fi.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafi. In abokan hamayya suka zura a ragar da ba kowa, za a koma tsakiya, ba sauran dalilin barin raga fayau, dole a sa shi. Bai so wannan tunanin ba, amma ya zo ya zauna masa daram.

Saura daƙiƙa goma sha biyu, wani daga cikin abokan hamayya ya kwaɗo faifan tun daga can ƙarshen fili. Ya taho yana sulɓi a hankali, ya miƙe sak ga ragar su Orest da ba kowa. Mutum dubu goma sha takwas suka yi tsit. Orest ya ɗaga hannu biyu sama da sandarsa, ya ƙwala ihu daga cikin hular, “Shiga! Shiga mana!”

Dubuc ne ya bi faifan da gudun ceton rai, ya yi sufa da ciki, ya miƙa sanda ya kauda shi saura taki ɗaya ya haye layi. Fili ya ɗauka da sowa. Ba a busa usur ba, agogo ya ci gaba har ya ƙare, aka tashi biyu da ɗaya. Ta leƙo ta koma.

Ashe mai ɗaukar hoton talabijin ya saita na'urarsa kan bencin duk lokacin. Kafin Orest ya kwance takalmi, duk ƙasar ta ga golan da ke roƙon a ci ƙungiyarsa. A ɗakin canza kaya ba wanda ya zage shi, da ma an zage shin da ya fi sauƙi. Dubuc, haɓarsa na zubar jini, ya zo ya tsaya a kansa ya ce da ya sani da ya bar faifan ya shiga, sannan ya tofar da yawu kusa da farar hular ya wuce. Ba wata ƙungiya da ta sake kiran Orest, babba ko ƙarama.

Ya dawo gida ya kama aikin wasa kaifin ƙarfen takalman ƙanƙara a filin garinmu, don nan ne kawai aka ba shi. Mutanenmu kuwa ba su da dama. Har yau in ya shigo shan kofi sai wani tsoho ya ɗaga hannu biyu ya ce, “Shiga mana, Ɗan Aro,” a yi ta ƙyaƙyatawa, wai wasa ne.

Aka yi sati biyu da dawowarsa. Ran nan mahaifinsa ya sa Marlys ta turo shi zauren, ya nemi a ara masa filaya. Orest ya taso zai taimaka, tsohon ya ture hannunsa. Ya daɗe yana fama da ƙusar, yana nishi, don ta kama bango sosai, mutane suna kallo kofi na hucewa a hannunsu. Da ta fito, ya juya ta ya duba, ya danƙa wa ɗansa a tafin hannu.

“Ungo kayanka,” ya ce. “Bangon mutane ne, wani zai buƙaci wurin.”